Abin da na gani a Antakiya, birnin Bulus da Barnaba

Antakiya tana lardin Hatay a kudancin Turkiyya, kusa da iyakar Siriya, kuma na nufe ta ne domin in ga garin da littafin Ayyukan Manzanni na cikin Littafi Mai Tsarki na Kirista ya ce a cikinsa aka fara kiran almajiran Almasihu da sunan Kirista. Wanda ya je da tsammanin ganin ginshiƙan marmara a tsaye kamar na tsohon birnin Afisa zai sha mamaki, saboda tsohon birnin yana binne a ƙarƙashin na yanzu. Ƙasar da ruwa ke kwasowa daga kan dutse da lakar kogin Asi sun daɗe da rufe shi, mutane kuma suka yi ta gini a kai.

Sarki Salukus, ɗaya daga cikin sarakunan yaƙin Iskandar Mai Girma, shi ya kafa birnin a shekara ta 300 kafin haihuwar Almasihu, ya sa masa sunan mahaifinsa. Rumawa sun karɓe shi a shekara ta 64 kafin haihuwar Almasihu, ya bunƙasa har ya zama na uku a daularsu bayan Rum da Iskandariya. Na bi titin Kurtulush da ƙafa, tsakanin masu sayar da sabulu da masu gasa kunafa, alhali a kan layin babban titin Rumawa mai ginshiƙai nake tafiya. Shi ya sa nake ba duk mai niyyar zuwa irin wannan gari shawara ya fara da gidan adana kayan tarihi. A can na ga daɓen ƙananan duwatsu masu launi da aka haƙo tsakanin 1932 da 1939, da yawansu daga gidajen attajiran Dafni, wata unguwa a wajen birnin, sannan na gane irin arzikin da manzanni suka tarar.

Kogon da ake kira majami'ar Bitrus yana gefen dutse a bakin gari. Wuri ne ƙarami mai sanyi, da bagade na dutse, da ruwa yana tsattsafowa daga bango a wani lungu, da wata siririyar hanya da ake cewa ta nan masu ibada ke tserewa idan an kawo musu farmaki. Cewa Bitrus, almajirin Almasihu, ya yi wa'azi a ciki labari ne da aka gada, ita kuwa fuskar ginin 'yan yaƙin gicciye ne suka fara ɗora ta bayan sun ci garin a 1098, aka sake gyara ta a 1863.

A ganina, abin da ya ba Antakiya matsayinta rigima ce a kan cin abinci. A nan ne aka fara yi wa waɗanda ba Yahudawa ba wa'azi gadan-gadan, Barnaba ya ɗauko Bulus daga Tarsus suka shekara suna koyarwa. Bitrus yana cin abinci tare da sababbin masu bi, amma da baƙi suka iso daga Urushalima sai ya janye jikinsa, Bulus kuwa ya tsawata masa a gaban jama'a, kamar yadda ya rubuta wa Galatiyawa. Tambayar ita ce ko dole sai mutum ya bi al'adun Yahudawa kafin ya shiga sabon addinin, kuma amsar da ta yi rinjaye ita ta buɗe masa ƙofar duniya.

Musulmi ma suna da nasu alaƙar da garin, domin malaman tafsiri da dama suna cewa ita ce alƙaryar da aka ambata a Suratu Yasin, mutumin da ya zo da gaggawa daga ƙarshen gari kuma shi ne Habibun Najjar. Na shiga masallacin da ke ɗauke da sunansa, na sauka matakala zuwa ɗakin ƙasa inda ake ziyartar kabarinsa. Girgizar ƙasa ta 6 ga Fabrairun 2023, wadda ta zo bayan ziyarata, ta rushe ƙubbar masallacin da yawancin tsohuwar unguwar. Wannan ba sabon abu ba ne ga garin, domin girgizar 526 ta kashe mutanen da marubutan lokacin suka ƙiyasta da 250,000, Farisawa suka ƙone shi a 540, Sarki Baibars na Masar kuma ya ɗaiɗaita shi a 1268. Manyan limaman da har yanzu ke riƙe da sarautar kujerar Antakiya a Dimashƙu da Lebanon suke zaune.

Daga baya na sauka bakin teku kusa da Samandag, inda tashar Salukiya take, wadda daga nan Bulus da Barnaba suka shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin Kubrus. Rumawa sun fasa dutse a zamanin Sarki Basbasiyan da ɗansa Titus, suka yi doguwar magudana don kawar da ambaliya daga tashar. Magudanar tana nan, na bi ta ciki da fitilar waya, amma tashar kanta yashi ya cike ta tun da daɗewa.