Teburina na Sallah da littattafan da suka ƙi tafiya

Ni malamar firamare ce a nan Kano, aji uku nake riƙewa, kuma abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya shi ne yaro ya tashi da Hausa ya kwana da Hausa amma ka miƙa masa rubutunta ya tsaya yana kallonka kamar ka ba shi laya. Shi ya sa na zauna na rubuta 'yar tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi yadda kakarmu ke ba mu, ƙanina ya zana hotunan, ranar da na kwashi adashi na kai wa mai buga littafi. Kwafi 500. A raina wallahi na gama lissafi har da abin da zan yi da riba.

Tun a wajen bugu aka fara koya min hankali. Ashe shafi ba a yinsa yadda ka ga dama, sai ya tafi huɗu-huɗu saboda yadda ake ninke takarda a ɗinke ta da waya a tsakiya, nawa 22 ne dole na ƙaro biyu. Kala kuma faranti huɗu ake yi mata, shi ya sa kuɗinta ba wasa ba. Wanda ya fi ƙona min rai dai shi ne samfurin farko da aka ba ni, duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sun koma wasu 'yan akwatuna saboda rubutun kwamfutarsu bai san su ba, mutumin yana ce min "Hajiya ai za a gane", haba, littafin koya wa yaro karatu ne fa, ƙafa ta koma kafa ka ce za a gane? Na dage sai da aka gyara.

Kasuwar farko da na ci ita ce ta goman ƙarshe na azumin 2023. Wata yayata da ke sayar da kayan yara wajen Sabon Gari ta ba ni gefen teburinta, na jera littattafaina tsaf ina jiran iyaye su yi rububi tunda ga kasuwa ta cika maƙil ko masakar tsinke babu. Kwana huɗu ina shan ranar Afrilu da bakin azumi, kwafi 11 na sayar, uku ma a ciki ƙawayena ne suka saya don kunya.

Sai daga baya na gane inda na yi wauta. Uwar da ta shigo kasuwa a jajibirin Sallah da lissafinta ta fito daga gida, takalmi, jaka, tabarau, agogon roba, ribom, ga tela bai ba da ɗinki ba, ga kuɗin lalle da kitso, ga kaji da fulawar cincin, kuma duk abin da za ta saya abu ne da za a gani a jikin yaro ranar Idi. Littafi ba a saka shi a tafi masallaci. Za ta ɗauka ta buɗe ta ce "kai ma sha Allah, Allah ya ƙara basira" ta ajiye ta ce sai ta dawo, kuma ni da ita duk mun san ba dawowa za ta yi ba. Ga shi shekarar ce aka sha wahalar canjin kuɗi, mutane ba su gama farfaɗowa ba, wanda ya yi niyya ma sai ya ce zai yi taransifa, a tsaya ana jiran alat network yana wasa da mutane har ya gaji ya wuce.

Yayata ce ta ce min, "Ke matsalarki kin zo kasuwar iyaye, ki bari a sauko Idi kuɗi ya koma hannun yara." Yo ni ban taɓa kawo wannan a raina ba. Gaskiya ce kuwa, daga ranar Sallah har a gama hawan Daushe da hawan Nassarawa masu kuɗi a gari yara ne, kowa da 'yar jakarsa cike da goron Sallah, kuma ba mai ce musu kar su kashe.

Washegarin Sallah na ɗauki kwali ɗaya da tabarma, ƙanina ya raka ni bakin Gidan Zoo inda yara ke tururuwa. Nan ma da farko shiru, don na zauna ina jira kamar mai kantin magani, alhali na kusa da ni mai bindigar ruwa ne da mai balan-balan da mai askirim, kowa na ihu yana kaɗa kayansa. Waɗannan su ne kishiyoyina ashe, ba wani marubuci ba. Can da gajiya ta ishe ni sai na buɗe littafin na ɗaga murya irin ta aji na ce "Ga ta nan ga ta nanku", kawai na ji wasu 'yan mata uku sun amsa "Ta zo mu ji ta" ba su ma san sun amsa ba, kafin na kai shafi na biyar an zagaye ni. Ina zuwa daidai inda Gizo ya maƙale a cikin rumbu ga mai gona na tahowa sai na rufe littafin na ce sauran yana ciki. Tab. Ranar na sayar da sama da 60, muryata ta dishe sai da na kwana biyu ina shan citta da zuma.

Sai maganar farashi, wadda ita ma da kaina na ɗaure kaina. Na sa 700 saboda haka lissafin bugu ya ba ni, to yaro ɗari biyar guda ce a hannunsa ko 'yan ɗari bibbiyu, in ya ba da dubu ni kuma ba ni da canjin 300, kafin ƙanina ya zagayo da canji yaron ya hango mai askirim an gama. Da na mayar da shi 500 riba ta zama 'yar kaɗan sosai amma hannu ya riƙa miƙowa ba ciniki ba jira. Yanzu kafin na rubuta layi ɗaya sai na fara tambayar kaina wace takardar kuɗi ce za ta saye shi, sannan na san shafi nawa zan yi da inda zan sa kala. Da an faɗa min haka a da cewa zan yi ai wannan zubar da mutuncin rubutu ne.

Babbar Sallah kuwa ba ta yi min daɗi ba, ba sai na ja zance ba. Ƙarshen Yuni ne, an cire tallafin mai tun 29 ga Mayu kuɗin adaidaita ya tashi, rago ya cinye aljihun iyaye goron Sallah ya ragu, ga damina, hadari ɗaya ya jiƙa min kusan kwafi 30 don ban zo da leda ba. Waɗanda na bari a rana kuma bangon ya kanannaɗe kamar ƙosai ya kwana.

Abin da ya fitar da ni kunya daga wani wajen ya zo. Ƙanina ne ya matsa tun farko a sa lambar waya a bayan littafin, ni ina ganin ƙauyanci ne. Bayan an koma makaranta wata mai Islamiyya ta kira, wai ɗalibarta ce ta zo da shi aji ana ta faɗa a kansa, tana son 80 na kyautar ƙarshen zango. Haka a baje kolin Kano na ƙarshen shekara, can ma masu makarantu ne suka fi tsayawa, su kuma ba tatsuniya suke so ka karanta musu ba, ragi suke nema da rasit. Na kuma bar wasu a shaguna biyu a kan in an sayar a ba ni kuɗi, ɗaya ya cika alkawari, ɗayan har yau "Malama ki ɗan ƙara haƙuri" muke yi.

Akwai wani yaro da ba na mantawa, bai fi shekara takwas ba, ya sayi littafin ranar Zoo ya koma gefe ya zauna a kan dakali yana bin layi da yatsa bakinsa na motsi, 'yan uwansa na ta kiransa a shiga ganin zaki. Can ya taso ya zo ya nuna min ɗ ya ce "Anti wannan d ɗin me ya sa take da ƙugiya?" Na ajiye ciniki na zauna na nuna masa daki da ɗaki, ina ji wasu yara biyu suka gaji da jira suka tafi wajen mai balan-balan da kuɗinsu.