Manjanik ɗin da muka haɗa ni da ɗan yayata a tsakar gida

Abin ya faro ne daga Islamiyya. Ɗan yayata ya dawo da yamma yana ta tambayata wai Kawu mene ne manjanik, malaminsu ya ce an kafa shi a yaƙin Ɗa'ifa shekara ta 8 bayan hijira. Na ce masa majajjawa ce babba, ya ce kamar danƙo kenan? Na ce a'a, na yi ta bayani da hannu amma na ga a idonsa bai shiga ba, sai kawai na ce bari Asabar ta zo mu haɗa ƙarami ka gani da idonka.

Shi danƙo roba ce ke yin aikin, wannan kuwa nauyi ne zalla. Sanda ce doguwa a kan ƙarfe kamar ma'auni, gefe ɗaya gajere an rataya masa kaya mai nauyi, gefe ɗaya dogo da majajjawa a bakinsa, nauyin na faɗowa sai dogon gefen ya tashi da gudu ya wurga abin da ke ciki. Na farko-farkon, irin na zamanin Ɗa'ifa, mutane ne ke jan igiyoyi lokaci guda. Mai nauyin nan sai wajen ƙarni na 12 na miladiyya ya bayyana, kuma a 1273 da Mongol suka ci birnin Shiyangyang na ƙasar Sin, injiniyoyi Musulmi ne suka ƙera musu shi. Wannan ya burge yaron sosai, ni ma haka.

Katako ban ma je 'Yan Katako na Na'ibawa ba, guntaye na roƙa wajen kafintan layinmu, ya dube ni ya ce Malam me za a yi da wannan, da na faɗa masa sai ya ajiye aikinsa ya yanka mana da kansa. Sandar mita 1 ce, muka huda ta a sentimita 20 daga ƙarshe, wato dogon gefe ya ninka gajeren sau 4. Guntun rodi na samo a Ƙofar Ruwa shi ne ƙarfen tsakiya. Nauyi kuma gwangwanin fenti muka cika da yashi da tsakuwa, kilo 5 a sikelin mai shago, abin jifa ƙwallon goruba. Ƙa'idar da masu yi ke bi ita ce nauyin ya kai kamar ninki 100 na abin da za a jefa. Kuma gwangwanin rataye shi ake yi ya dinga lilo, kar a ɗaure shi ƙam a jikin sandar, in yana lilo ya fi faɗowa a miƙe, ƙarfin ya fi tafiya cikin jifan maimakon ya girgiza ƙafafun.

To inda muka sha wuya fa shi ne bakin sandar. Majajjawar guntuwar fata ce daga Kurmi da igiya biyu, ɗaya a ɗaure dindindin, ɗayar da ɗan zobe a ƙarshenta da ake saƙalawa a jikin ƙusa wadda aka cire wa kai. Wannan ƙusar wallahi ita ce komai. Jifan farko gorubar sama ta yi tsaye ta dawo bayanmu ta faɗa kan langa-langar kicin, saboda ƙusar ta miƙe da yawa zoben ya zame da wuri. Na sa filaya na lanƙwasa ta gaba, sai kuma ta riƙe zoben har ya makara, gorubar ta daki ƙasa taku uku a gabanmu ƙura ta tashi. Tsakanin waɗannan biyun ɗan lanƙwasa ne da bai kai faɗin farce ba, kuma nan muka ƙare yinin, a lanƙwasa kaɗan a gwada, a mayar kaɗan a gwada, yaron na riƙe da biro yana rubuta taku nawa kowane jifa ya yi a bayan littafinsa na lissafi. Shi ne ma ya lura cewa ƙusar ta yi tsatsa zoben na maƙalewa, ya ce Kawu a goge ta mana, muka goge da samfefa, nan take jifan ya daidaita.

Igiyar ma da farko na yi ta gajera, sai da muka ƙara ta ta kusa kai tsawon dogon gefen, kuma muka shimfiɗa guntun silin mai santsi a ƙasa don fatar ta zame ba tare da ta kama ƙasa ba.

Bayan la'asar muka ɗauke shi zuwa filin ƙwallon unguwa don gidan ya yi masa kaɗan. Na hana kowa tsayawa gaba ko baya, gefe kawai, kuma da doguwar igiya ake sakin sa daga nesa, don sandar nan in ta sami haɓar yaro ba wasa ba ne. Ɗan yayata ya ja igiyar, gwangwanin ya faɗo, babu wata ƙara sai ɗan fuuu na igiya, gorubar ta yi baka a sama ta sauka taku 26. Yaran da ke wajen suka ruga ɗaukowa, shi kuwa bai bi su ba, ya tsuguna yana duba ƙusar, ya ce Kawu in muka sa masa tayoyi fa, zai ƙara nisa? Na ce zai iya, Asabar mai zuwa ka taho da littafin.