Takardar albashi da lambar CNPS: abin da dokar aiki ta Kamaru take nema kafin ta tsaya maka

Dokar aiki da ake amfani da ita a Kamaru ita ce mai lamba 92/007 ta 14 ga Agusta 1992, kuma yadda take hawa kan kamfani a Duwala haka take hawa kan mai gidan burodi a Garwa da mai gidan mai a Marwa. Ta yarda da yarjejeniyar baki. Duk wanda yake aiki ƙarƙashin umarnin wani ana biyansa, ma'aikaci ne, ko ba a rubuta komai ba. Wahalar tana fitowa ranar da aka ɓata, domin za a tambaye ka yaushe ka fara da nawa ake ba ka, maigida kuma ya faɗi nasa. Wanda ba shi da takarda a hannu, nan ake barinsa.

Wasu abubuwa dole ne a rubuta su. Kwantiragi mai wa'adi da ya wuce wata 3 sai a rubuce, ba ya wuce shekara 2, kuma sau ɗaya ake sabunta shi. Idan an ci gaba da aiki bayan haka, ya koma na dindindin. Gwajin sabon ma'aikaci ma sai a rubuce, iyakarsa wata 6, ko wata 8 ga manyan ma'aikata. Aikin kaka, irin na gurzar auduga ko girbin shinkafa a Yagwa, iyakarsa wata 6. Mutane da yawa suna shekara huɗu ana ce musu "har yanzu gwaji kake", alhali a idon doka tuni suka zama cikakkun ma'aikata.

Tun Maris 2023 mafi ƙarancin albashi sefa 60,000 ne a wata a kamfanoni masu zaman kansu, 45,000 a harkar noma. Aiki awa 40 ne a mako, noma kuwa har 48, da hutun awa 24 a jere kowane mako. Hutun shekara kwana ɗaya da rabi ne kan kowane wata, wato kwanakin aiki 18, da albashinsu. Mai juna biyu tana da mako 14, kuma CNPS, hukumar gwamnati mai kula da fansho da inshorar ma'aikata, ita ce take biyanta a lokacin, ba maigida ba. Wannan ya kamata masu tsoron ɗaukar mata aiki su sani.

Inda aka fi cutar mutane shi ne wajen sallama, don haka bari mu yi lissafin a fili. A ce ƙaramin ma'aikaci ne, albashinsa 80,000, ya yi shekara 7, aka sallame shi ba tare da babban laifi ba. Na farko, sanarwa: wanda bai cika shekara ba kwana 15, daga shekara 1 zuwa 5 wata ɗaya, sama da 5 wata biyu. Idan an ce ya tafi yau, sai a biya shi kuɗin wata biyun, 160,000. Na biyu, kuɗin sallama, wanda ake samu bayan shekara 2 a wuri ɗaya: kashi 20 cikin 100 na matsakaicin albashin wata kan kowace shekara a biyar na farko, kashi 25 daga ta 6 zuwa ta 10, yana hawa har kashi 40 bayan shekara 20. Nasa ya kama 80,000 na shekara biyar, da 40,000 na biyun da suka rage, jimilla 120,000. Sai kuɗin hutun da bai ci ba, da takardar shaidar aiki. Idan kuma kotu ta ga korar ba ta da hujja, diyyar ba ta gaza albashin wata 3 ba, ba ta wuce wata ɗaya kan kowace shekara ba, wato tsakanin 240,000 da 560,000. Akan miƙa wa irin wannan mutum 50,000 a ambulan, a sa shi ya sa hannu cewa ya karɓi komai. Sa hannun ba ya soke haƙƙinsa. Abin da yake soke shi lokaci ne: bashin albashi shekara 3 ake da ita a neme shi.

Hanyar kai ƙara kuma tana da tsari. Ba kotu ake fara zuwa ba, ofishin sufeton aiki na yankinka ake zuwa, ya kira ɓangarorin biyu don sulhu. In an daidaita a rubuta, in ba a daidaita ba ya ba da takardar rashin sulhu, da ita ake shiga kotu, kuma shari'ar aiki kyauta ce. Ka je da takardun albashi, ko saƙonnin kuɗin da aka riƙa turo maka ta waya, da duk wata takarda mai hatimin wurin.

Batun CNPS ya fi komai muhimmanci a ganina, domin ɓarnarsa ba ta bayyana sai tsufa ya zo. Ana cire kashi 4.2 daga albashinka don fansho, maigida ya ƙara nasa 4.2. A albashin 80,000, naka 3,360 ne. Fansho yana neman shekara 60 da haihuwa da zubin wata 180. Abin da yake faruwa shi ne a cire kuɗin a takarda amma ba a kai ba, ko a rubuta albashi ƙasa da na gaskiya don a rage zubi. Kada ka jira. Ka san lambarka, ka je ofishinsu ka nemi lissafin watannin da aka zuba maka, ko sau ɗaya a shekara.

Duk wannan fa bai kai ga yawancin mutanenmu ba. Fiye da takwas cikin goma na masu aiki a ƙasar ba su cikin tsarin da aka yi wa rajista. Yaron shago a babbar kasuwar Marwa yana shekaru yana buɗe rumfa da asuba, bisa alkawarin ranar da maigida zai ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. Al'ada ce mai kyau, ta kafa 'yan kasuwa da yawa, amma in maigida ya rasu ko kasuwa ta karye, magada ba su san da wani alkawari ba. Haka mai tuƙa babur ɗin wani yana kawo kuɗin yini, da masu ɗora kaya a Kusiri: in hatsari ya faru, aljihunsu da na dangi ne.

Tun 2014 CNPS ta buɗe ƙofar zubi na ganin dama ga masu aikin kansu, yanzu kashi 8.4 na kuɗin shigar da mutum ya bayyana. Fansho kawai yake bayarwa, ban da hatsarin aiki, kuma nan ne nake ganin gyara ya kamata ya fara. Dokar 1992 an rubuta ta ne da ofis da masana'anta a zuciya, ba ta san mai karɓar aiki ta manhajar waya ba, balle mai yi wa kamfanin waje aiki ta intanet daga Ngaundere. In an tashi sabunta ta, ina fata a samar da gajeren kwantiragi na shafi ɗaya da maigida da yaronsa za su cike a gaban shugaban kasuwa, a rubuta ranar farawa da abin da aka yi alkawari, a kuma bari a riƙa zubin CNPS kaɗan-kaɗan ta waya, mako-mako, yadda kuɗi yake shigo wa ɗan kasuwa.