Ranar da intanet ta ɗauke muna da baƙo tsaye a kantar karɓar baƙi

Shekarata ta uku ke nan ina kula da kwamfutoci da intanet a wani ƙaramin otal nan cikin Sakkwato, ɗaki 22 ne duka duka. Baƙinmu kusan sanannu ne, 'yan kasuwar albasa da na fatu masu bin hanyar Illela, dangin marasa lafiya da anka kwantar asibitin koyarwa, iyayen ɗalibai in ana biki a Jami'ar Danfodiyo, injiniyoyi masu zuwa aiki kamfanin siminti na Kalambaina, sai masu ziyarar Hubbare. Yawancinsu ba zuwa ɗaya suke yi ba, kuma da su otal irin namu ke rayuwa tunda ba mu da kuɗin talla, in mutum ya ji daɗi ya dawo ya kuma kawo ɗan'uwansa, in bai ji ba ko sallama ba zai yi ba.

Da na fara aiki a littafi ake rubuta komai. Ni na matsa wa Alhaji mai otal ɗin sai da munka koma wata manhaja da ke kan intanet ana biya duk wata. Lokacin ban daɗe da gama karatu ba, na yarda har zuciyata cewa duk abin da anka ce yana kilaud, wato gajimare, shi ne ci gaba. Abin da ban tsaya na tambayi kaina ba shi ne ina gajimaren nan yake. Ashe manyan gine-gine ne cike da kwamfutoci a wata ƙasa, su Microsoft da Amazon ma sai 2019 da 2020 sunka buɗe irin nasu a Afirka ta Kudu, tamu manhajar kuwa a Turai take aje kayanta. Ke nan duk sanda yarinyar risefshin ta danna don ta ga ko ɗaki na 7 ba kowa, tambayar sai ta bar Sakkwato ta gangara Legas ta shiga wayar ƙarƙashin teku ta je ta dawo, alhali ɗaki na 7 ga shi nan taku ashirin daga inda take zaune.

Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, muna cikin azumi na huɗu, wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu sunka samu matsala ta wajen gaɓar Kodebuwa, intanet ta rikice a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama har da Najeriya, bankuna ma sun ji a jikinsu. Mu manhajarmu ƙin buɗewa ta yi gaba ɗaya. Dab da shan ruwa wani dattijo ya shigo, daga wani ƙauye ta wajen Gwadabawa ya kawo maiɗakinsa asibiti, ya taɓa sauka wurinmu har sau biyu, kuma ya bugo waya tun da safe an ce an aje masa ɗaki. Ba mu san wane ɗaki ba ne, ba mu san waɗanne anka biya ba, wanda ya karɓi wayar ya tashi aiki kuma layinsa ba ya shiga. Dattijon nan ya tsaya jingine da kanta ya fi rabin awa, ina ta kashe rawuta, wato na'urar da ke raba waifai a gidan, ina kunnawa, har anka kira sallah. Ya ce mini "ɗana, ni ba ni da lokacin wanga abu, bari in nemi wani wuri," ya ɗauki ledarsa ya fita. Wallahi har yau in na tuna yadda ya juya sai in ji ba daɗi, mutum da azumi a baki da mara lafiya a gado.

Washegari Alhaji ya kira ni. Bai yi faɗa ba, cewa ya yi "yaro, lokacin littahi ko wuta babu muna sanin ɗakunanmu, guntun gatarinka ya hi sari ka ba ni." Na ce ranka shi daɗe gaskiya ne, amma a ba ni wata ɗaya kafin a koma littafi.

Abin da na je na karanto shi ne wanda Turawa ke kira eji kwamfutin, ma'anarsa a taƙaice a riƙa sarrafa bayani a inda anka samar da shi ko kusa da wurin, ba sai an tura shi uwa duniya an jira amsa ba. Mu a wurin aiki akwatin gida muke ce masa. Wata 'yar ƙaramar kwamfuta ce da ba ta kai girman bulo ba, na aje ta ƙarƙashin kanta na jona ta da batirin inbata, wutar da take ci ba ta taka kara ta karya ba. Cikinta rajistar ɗakuna take, da sunayen baƙi, da lissafin wanda ya biya da wanda ake bi. Kwamfutar risefshin da wayoyin ma'aikata suna magana da ita ta waifai ɗin gidan, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, waifai daban intanet daban, rawuta na iya haɗa na'urorin cikin gida ko da babu sabis ko ɗigo. In intanet ta dawo sai akwatin ya tura abin da ya taru zuwa kilaud da kansa, Alhaji ya gani a wayarsa ko yana Kano ko yana Makka. Wato ba mu rabu da kilaud ba, mun dai mai da shi ma'ajiya, aikin yau da kullum kuma ya dawo gida.

Canjin farko da na gani shi ne a bakin kanta. Da can ko da akwai sabis sai ka ga abin yana ta juyawa, yarinyar risefshin idonta na kan allo baƙo na kallon rufi. Yanzu tana danna lambar wayar mutum komai ya fito, ta ɗago ta gaishe shi da sunansa, ta ce Alhaji ɗakinka na ƙasa da ka saba yana nan. Munka ƙara wani ɗan gurbi da ake rubuta abin da baƙo ke so, wannan ba ya son hawa bene saboda gwiwa, wancan a tashe shi kafin asuba don ya kama hanyar Illela da wuri, wata Hajiya ba ta son ɗaki kusa da janareta, wani kuma fura yake nema da dare ba shayi ba. Da can duk wannan a kan tsohon manajanmu yake, ranar da ba ya nan babu wanda ya sani. A ganina wannan ɗan gurbin ya fi komai dawo mana da mutane, don ɗakunanmu dai su ne na da, ko labule ba mu canza ba.

Sai maganar sanyi, wadda duk wanda ya san Sakkwato a watan Afrilu da Mayu ya san ba wasa ba ce, zafi na wuce digiri 40 kwana da kwanaki. Tun da anka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya hau, dizal kuma dama can da tsadarsa, to sai ya zama ana kashe janareta da rana don a rage asara, baƙo ya dawo daga kasuwa ya tarar da ɗaki kamar tanda. Munka sa wasu ƙananan na'urori a ɗakuna goma na farko masu gane an buɗe ƙofa ko akwai motsi, suna kai rahoto ga akwatin, shi kuma ya kashe esi a ɗakin da ba kowa, ya kunna na ɗakin da anka rubuta baƙo na tafe. Da nauyi ya ragu sai ƙaramin janareta ya riƙa ɗauka da rana. Irin wannan hukuncin ba ya jiran sai an je Turai an dawo, in sabis ya ɗauke da tsakar rana ɗakin mutum bai kamata ya ji ba. Kyamarorin tsaro ma haka, hoton yana zama a gida, ɗan guntun da anka ga motsi a bakin get da dare kawai ake turawa, kuɗin data ya sauka sosai.

Amma na sake yin kuskure, kuma wannan nawa ne ni kaɗai. Na zaci tunda abu na gida shi ke nan an huta. Da hunturu ya shigo ƙura ta cika akwatin ta toshe fankar, ga shi a kan ɗan katin memori na ɗora komai, wata safiya ya ƙi tashi. Allah ya taimake mu ya tura kusan komai kilaud da daddare, na awa shida kawai munka rasa, munka zauna da rasit muna mayarwa ɗaya bayan ɗaya. Daga nan na sa masa faifan ajiya mai ƙwari, na ɗaga shi daga ƙasa, duk Jumma'a ina buɗewa in hure, sannan duk magariba ana buga jerin ɗakuna a takarda a aje a durowa. Kayan da ke hannunka kai ne mai jinyarsa, babu wani kamfani da zai yi maka.

Akwai kuma abin da akwatin ba ya iyawa. Biyan kuɗi ta POS ko tiransifa dole sai da banki, in netwok ɗinsu ya tsaya ya tsaya, wanda ya ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya san haka. Abin da munka yi shi ne tunda tarihin baƙo na gabanmu, wanda ya saba sauka ana ba shi makulli ya je ya huta, a rubuta bashi, alat ya shigo daga baya. Haka nan masu kama ɗaki ta intanet, in mun daɗe babu sabis ana iya ba mutum biyu ɗaki ɗaya, ya faru sau ɗaya, shi ya sa yanzu ɗaki biyu ba ma sa su a intanet sam.

Wani abu da ya daɗe yana damuna shi ne amana. Ka tara sunan mutum da lambarsa da ranar da ya zo da wanda ya zo da shi, duk a cikin abin da za a iya sa wa a aljihun babbar riga a fita da shi. Akwai dokar kare bayanan jama'a da anka sa wa hannu a Yunin 2023, amma ko babu doka baƙon da ya ji sirrinsa a bakin mai shara ba zai sake taka ƙofarka ba. Don haka akwatin na cikin keji da kwaɗo, bayanan a kulle suke, kowane ma'aikaci da lambar shigarsa kuma iya abin da ya shafi aikinsa yake gani, kuma ba ma rubuta abin da mutum ke so sai mun tambaye shi. Wasu sun ce a'a, munka bar su.

Dattijon nan kuwa, da komai ya daidaita na nemo lambarsa na kira shi na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai ɗana, maiɗakin ta samu lahiya, Allah shi yi albarka. Na ce Baba in ka shigo gari ɗakinka na nan. Ya ce inda ya sauka daren nan sun riƙe shi da kyau, can yake sauka yanzu.