Takardar ajiye aikina ba ta cika rabin shafi ba

Da gangan na taƙaita ta, domin abin faɗa kam ina da shi. Akwai ƙarin girman da aka yi ta yi mini alkawarinsa har na gaji da tuni, ga aikin mutum biyu da na daɗe ina ɗauka tun da wani abokin aikinmu ya tafi ba a maye gurbinsa ba. Da zan zazzage abin da ke cikina, shafi uku ma ba zai ishe ni ba. To amma na taɓa yin ɗan zama a sashen kula da ma'aikata, na ga inda irin waɗannan takardu suke ƙarewa. Hudawa ake yi a zura a fayil ɗin mutum, a mayar cikin kabad. Wanda ka rubuta don ya ji zafi sau ɗaya zai karanta. Mai sake buɗe fayil ɗin kuwa, ran da wata ma'aikata ta aiko tana tambayar halinka, galibi bai san ka ba, bai san ogan da ya ɓata maka rai ba, wataƙila ma ogan ya daɗe da barin wurin. Shi dai abin da zai gani, ma'aikaci ne da ya tafi yana kumfar baki.

Ban ɗora alƙalami a takarda ba sai da takardar ɗaukar aiki ta sabon wurin ta shigo hannuna, da sa hannu da ranar farawa. An riga an kira ni a waya an yi mini albishir, amma na ƙi motsawa. Maganar waya tana iya sauyawa da sauyin shugaba ko na kasafin kuɗi, ita kuwa takardar ajiye aiki ba kasafai take da ƙofar dawowa ba. A Ingila, alal misali, in ka miƙa sanarwar barin aiki ba ka da ikon janye ta kai kaɗai, sai in ma'aikatar ta ga dama ta yarda. Don haka wanda ya miƙa kafin ya riƙe sabuwar takarda ya saki reshe ne ya kama ganye.

Daga nan sai na tono tsohuwar takardar da aka ɗauke ni aiki da ita, wadda rabona da ita tun ranar da na sa mata hannu. A ciki na tarar da sharaɗin tafiya: ko dai in ba da sanarwar wata ɗaya, ko in biya albashin wata ɗaya a madadinta. Mutane da yawa da jita-jita suke aiki a nan, sai ka ji an ce ai mako biyu ake bayarwa. Wannan mako biyun al'adar Amurka ce, can ma ba doka ce ta wajabta shi a kan yawancin ma'aikata ba. Dokar Ingila ta 1996 mako ɗaya ta sa a matsayin mafi ƙaranci ga wanda ya yi wata ɗaya yana aiki, amma in yarjejeniyarsa ta faɗi fiye da haka, ita zai bi. A Jamus mako huɗu ne, kuma dole wa'adin ya ƙare a ranar 15 ga wata ko a ƙarshen wata, sannan sai an rubuta a takarda an sa hannu da alƙalami, saƙon imel ba ya wadatarwa. Ashe ke nan abin dogaro shi ne takardarka da dokar ƙasar da kake, abin da wani ya yi a wani wuri ba hujja ba ne. Na kuma duba ko akwai sharaɗin mayar da kuɗin wani horo da aka tura ni, da yadda ake yi da ragowar hutun shekara.

Duk cikin takardar, layin da na fi ɓata lokaci a kansa shi ne na ranar ƙarshe. In ka rubuta "zan bar aiki nan da wata ɗaya", ka buɗe ƙofar gardama. Daga yaushe za a fara ƙirga? Daga ranar da ka rubuta, ko ranar da ka miƙa, ko ranar da takardar ta isa teburin wanda ya kamata? Kwana biyu ko uku na tsakani suna iya zama dalilin yanke maka albashi, ko su ci karo da ranar da ake jiranka a sabon wuri. Sai na ɗauko kalanda na ƙirga daga washegarin ranar da zan miƙa, na rubuta rana da wata da shekara ƙarara, na kuma tabbatar ba ta faɗo a ranar hutu ba.

Mai ganin gajeriyar takarda kamar raini ce, ya dubi ta Richard Nixon. Ran 9 ga Agustan 1974 ya sauka daga shugabancin Amurka da jimla ɗaya tak, wadda ya aike wa sakataren harkokin waje Henry Kissinger. Bai kawo dalili ba, bai ambaci badaƙalar Watergate da ta tilasta masa sauka ba, Kissinger kuma ya rubuta lokacin da ya karɓa a jikin takardar. In mulkin ƙasa ya sauku da jimla ɗaya, aikin ofis ba ya bukatar dogon sharhi. Ga abin da na rubuta, bayan kwanan wata da muƙamin wanda na aika wa:

"Yallaɓai, ina sanar da kai cewa na ajiye aikina a wannan ma'aikata. Bisa sharaɗin sanarwar wata ɗaya da ke cikin takardar ɗaukata aiki, ranata ta ƙarshe ita ce kaza ga watan kaza. Ina godiya da damar da na samu a nan, musamman ta jagorantar aikin sauya tsarin ajiye bayanai, inda na ƙaru sosai. Kafin ranar zan kammala abin da ke hannuna, in miƙa sauran ga wanda aka zaɓa, tare da rubutaccen bayani. Ina roƙon a sanar da ni yadda za a yi da ragowar hutuna da hakkokina na ƙarshe."

Sai suna da sa hannu.

Layin godiyar nan ya ɗan tsaya mini a wuya. Mutum yana tafiya da ɓacin rai, kuma ya ce na gode? Wani abokina cewa ya yi munafurci ne. Ni dai hanyar da na bi ita ce na nemi abu ɗaya da na san tsakani da Allah na amfana da shi, na ambace shi da sunansa, na tsaya nan. Ban ce wurin ya fi ko'ina ba, ban ce zan yi kewar kowa ba. Yabon da ya wuce gona da iri ma ana gane shi, kuma yana sa mai karatu ya ce, to in haka ne me ya kore ka? Dalilin tafiya da sunan inda za ni kuwa ban sa ba, don babu abin da ya wajabta mini.

Ban bari takardar ta riga ni zuwa wurin ogana ba. Da safe na nemi ya ba ni minti kaɗan, na ja ƙofa, takardar tana cikin ambulan a hannuna.

"Yallaɓai, na zo ne in faɗa maka da bakina kafin ka gani a rubuce. Na samu wani aiki, zan ajiye wannan."

Ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur, ya yi shiru. Can ya ce, "Malam, me ya yi zafi? In maganar ƙarin girman nan ce, ka ba ni mako ɗaya."

"Na gode, ranka ya daɗe, amma na riga na ba su kalmata."

Na san za a yi mini wannan tayin, shi ya sa na shiga da amsata a shirye. A ganina, abin da aka kasa yi sai da aka ga takardar tafiya, ko an yi shi ba zai gyara zaman ba, kuma daga ranar kallon mai ƙafa ɗaya a waje za a riƙa yi maka. Wasu sun karɓi irin wannan tayi sun ji daɗinsa, ban musa ba. Sai dai a yanke shawara tun kafin a shiga ofishin, don a gaban mutumin da kake jin nauyinsa baki yakan faɗi abin da zuciya ba ta shirya ba.

Kwafi biyu na buga. Na kai wa sashen kula da ma'aikata, aka buga hatimi da kwanan wata a kan nawa, na tafi da shi gida. Tun kafin ranar na kwashe abubuwana na kaina daga kwamfutar ofis, irin su takardun albashi da shaidar horo, domin a wasu wuraren da ka miƙa takarda ake rufe maka imel. Abin da yake na ma'aikata kuwa, ko da ni na rubuta shi, ban taɓa ba.

Doguwar takardar da na rubuta ita ce ta miƙa aiki, kuma ita ce mutane suka riƙe. Na jera kowane aiki da inda ya tsaya, da wanda ake jira ya sa hannu, da ranar da ya kamata a tuntuɓi wane. Na sa har abubuwan da ba a rubuce suke a ko'ina ba: rahoton da shugaba yake so tun kafin ranar da aka sa masa, da abokin hulɗar da ba ya amsa imel sai an kira shi. Na zauna da wadda ta gaje ni muka bi shi layi-layi, tana tambaya ina ƙarawa. Watan sanarwa yana da jarabawa, don jiki yakan yi sanyi, mutum ya fara zuwa a makare. Amma abokan aiki sun fi tuna yadda ka yi makonninka na ƙarshe a kan shekarun da suka gabata.

Ƙorafina bai mutu a ciki ba. A tattaunawar sallama da jami'ar kula da ma'aikata na faɗi biyu daga ciki, na gurbin da aka bari babu kowa da na alkawarin ƙarin girma da ba ya da rana. Ban kama sunan kowa ba, na tsaya a kan yadda abin ya shafi aiki, ita kuma ta rubuta.

A makon ƙarshe na bi ofis-ofis da takardar sallama ana sa hannu, na mayar da katin shaida da makullai da kwamfuta, kowanne na ga an rubuta cewa an karɓa. Na nemi takardar shaidar aiki tun ina ciki, don da zarar ka fita sai abin ya koma "ka dawo gobe". Na kuma tambayi ogan kai tsaye ko zan iya ba da sunansa in an nemi mai ba da shaida a kaina, ya ce in bayar. Da albashin ƙarshe ya shigo na lissafa shi da ragowar kwanakin hutuna, na ga ya yi daidai.