Darussan da na ɗauka daga rubuta fim ɗin jirgin sama

Yanzu da fim ɗin ya fita, kuma na ajiye aiki da kamfanin da ya shirya shi, ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi abin da na koya, musamman saboda matasan marubuta da ke yawan tambayata yadda ake riƙe mai kallo da labarin da ba ya barin wuri ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Waɗanda muka yi aikin tare sun san labarin yadda na rubuta shi: jirgin fasinja yana tafiya cikin dare, wani ya lalata na'urar da ke daidaita iskar cikinsa tare da abin da ke yin gargaɗi, mutane suna ta yin barci ɗaya bayan ɗaya, sai wata ma'aikaciyar jirgi ta lura cewa fasinja guda ne kaɗai idonsa biyu garau.

Ban fara rubutu ba sai da na zauna da wani tsohon matuƙi da ya yi ritaya, na kuma karanta rahotannin binciken haɗurra. A nan na fahimci cewa jirgin da ke tafiya a tsayin ƙafa 35,000, ana matse iskar cikinsa ne ta zama kamar ta tsayin ƙafa 6,000 zuwa 8,000, kuma idan wannan matsin ya zube gaba ɗaya, mutum ba ya wuce daƙiƙa 30 zuwa 60 cikin cikakken hayyacinsa. Idan kuwa a hankali yake zubewa, abin ya fi muni, domin mutum ba ya jin shaƙewa. Kasala yake ji, wani ma har nishaɗi, leɓɓansa da faratansa suna canza launi bai sani ba. Ƙarancin iskar shaƙa ne ya hallaka jirgin Helios mai lamba 522 a ranar 14 ga Agusta, 2005, wanda ya tashi daga birnin Larnaca na ƙasar Cyprus ya yi ta shawagi da matuƙa a sume har mansa ya ƙare, ya faɗi kusa da Atina, babban birnin Girka, da mutum 121. Na kuma koyi cewa tun bayan harin 11 ga Satumba, 2001 aka ƙarfafa ƙofar ɗakin matuƙa ta yadda ba ta ɓalluwa da ƙarfi, kuma wannan kariyar tana iya juyewa ta zama masifa, kamar yadda aka gani a jirgin Germanwings a watan Maris na 2015, inda mataimakin matuƙi ya kulle kyaftin a waje, mutum 150 suka mutu a tsaunukan Faransa. A kan waɗannan ƙa'idoji na gina labarin, domin na ga cewa jirgin sama da kansa ya riga ya tanadar wa marubuci duk abin da yake bukata: ba hanyar fita, ba mai kawo ɗauki, lokaci kuma yana ƙurewa.

Ana tsakiyar ɗauka darakta ya ce labarin ya yi sanyi. Yana so a yi dambe a tsakanin kujeru, mugu ya buɗe ƙofar jirgi a sararin samaniya, iska ta kwashe fasinjoji. Na yi masa bayani cikin ladabi cewa bambancin matsin iskar ciki da ta waje yana danne ƙofar da nauyin tan masu yawa, babu ɗan Adam da zai iya buɗe ta a wannan tsayi, kuma idan har ana son tashin hankali a ƙarshe, akwai hanyoyin da ba su saɓa wa gaskiya ba. Amsar da ya ba ni a gaban 'yan wasa da masu ɗaukar hoto ita ce: "Kai marubuci aka ɗauka ko injiniya? Mai kallo ba matuƙi ba ne." Bai sake yi mini maganar ba. Sai kawai na ga an raba sababbin shafuka da safe, kashi ɗaya bisa uku na ƙarshen labarin an sauya shi, wani ne daban ya rubuta, ni kuma an miƙo mini nawa kwafin kamar yadda aka miƙa wa kowa.

Abin da ya fi ci mini rai ya zo ne daga baya. Da fim ɗin ya fita, masu sharhi da ma'aikatan jiragen sama suka yi ta sukar ƙarshensa, sai na ji daraktan a wata hira yana cewa rubutun ne ya zo masa da rauni, shi ya yi iya ƙoƙarinsa ya ceto abin da zai cetu. Sunana ne kaɗai aka rubuta a matsayin marubucin labari, wanda ya yi gyaran ba a ambace shi ba, saboda haka duk jifan ni ya samu. Inda aka yaba haske da sarrafa 'yan wasa kuwa, shi ya karɓi yabon. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na nemi a cire sunana ko a ƙara na ɗayan, furodusa ya nuna mini cewa yarjejeniyar da na sa wa hannu ba ta ba ni wannan dama ba.

Duk da haka, maganar daraktan cewa mai kallo ba matuƙi ba ne ta cancanci amsa, domin da yawa a wannan sana'a haka suke tunani. Gaskiya ne mai kallo ba matuƙi ba ne, amma mai kallo yana gane iyakokin da labari ya kafa masa, kuma tsoronsa a kan waɗannan iyakokin yake rataye. Muddin ya yarda cewa babu mafita daga cikin jirgin nan, kowace daƙiƙa tana da nauyi a zuciyarsa. Da zarar an nuna masa cewa ƙofa tana buɗuwa, mutum yana iya rataya a jikin fiffike ya dawo da ransa, to ya san komai yana iya faruwa, kuma wanda ya san haka ba ya fargaba, kallo kawai yake yi. Ƙara da gudu suna firgita mutum na ɗan lokaci. Fargabar da ke hana shi motsi a kujera tana zuwa ne idan ya san abin da 'yar wasan ba ta sani ba, yana kallonta tana matsowa kusa da shi.

Hujjata a kan haka tana cikin fim ɗin kansa. Akwai fitowa ɗaya da ta tsira yadda na rubuta ta, saboda mai tace fim ya tsaya kai da fata a kanta. Ma'aikaciyar ta kira ɗakin matuƙa ba a amsa ba, ta rataya ƙaramar tukunyar iskar shaƙa a kafaɗa, ta danna lambobin gaggawa a jikin ƙofar. A tsarin irin waɗannan ƙofofi, sai an jira wani ɗan lokaci ƙararrawa tana bugawa a ciki, idan matuƙa ba su hana ba sannan ta buɗe. Kyamara ta tsaya a kan yatsunta da ke rawa da ƙaramar fitilar da take jira ta canza launi, babu kiɗa, sai gunjin inji, a bayanta kuma can nesa, fasinjan nan da bai yi barci ba ya kwance bel ɗinsa ya miƙe tsaye. Duk sharhin da na karanta, har na waɗanda suka yi wa fim ɗin kaca-kaca, wannan fitowar suka ware suka yaba, kuma babu naushi ko ɗaya a cikinta.

Sauran darussan ba su bukatar dogon bayani. Gangar jikin jirgin da aka gina mana tana da bangwaye masu ciruwa, kuma duk lokacin da aka cire su domin kyamara ta sami sarari, ƙuncin da labarin ke rayuwa da shi yana tafiya tare da su. 'Yan wasan da ke cike kujeru a matsayin fasinjoji suna bukatar mai lura da mazauninsu da tufafinsu a kowace rana, domin a wuri ƙarami irin wannan ido yana saurin kama canji. Sautin inji ya kamata a tsara shi tun a rubutu, tunda raguwarsa kaɗai tana isa ta tayar da hankalin mai kallo. Duk wani gyara da aka ba ka da baki, ka nemi a rubuta shi da sunan wanda ya ba da umarnin.

Rubutun farko yana nan a hannuna, amma haƙƙinsa na kamfanin ne, ba ni da ikon sake yin sa a wani wuri. A sabon aikin da na karɓa, na ƙi sa hannu sai da aka rubuta cewa ba za a sauya ƙarshen labari ba tare da an tuntuɓe ni ba, kuma idan aka sauya ba da yardata ba, ina da damar janye sunana kafin fim ya fita.