Abin da Dutsen Farar Ƙasa Ya Koya Mini Game da Dabbobin Tsohon Teku

Na taso a Garwa ta arewacin Kamaru ina ganin manyan motoci suna sauko da siminti daga Figil, kuma da na shiga karatun ilimin duwatsu a Ngaundere na ji cewa a cikin dutsen farar ƙasa ake yawan samun ƙasusuwan dabbobin teku da suka zama dutse, sai na ɗauka cewa farin dutsen da ake haƙa a Bidzar, kusa da Figil, cike yake da su. A hutun farko na tafi can da guduma da ɗan buhu, na yini ina fasa duwatsu, ban ga ko ɓawon dodon koɗi ba. Da na kai wa malaminmu guntaye, ya ɗiga musu asid, wato ruwan tsami mai cin dutse, suka yi kumfa kamar yadda dutsen farar ƙasa yake yi, sannan ya nuna mini ƙwayoyin da ke ƙyalli a jikinsu. Ya ce wannan mabul ne, wato dutsen farar ƙasa da zafi da matsi suka sauya ƙirarsa a can ƙarƙashin ƙasa, kuma duk wata alamar rai da ta taɓa kasancewa a ciki ta goge.

Daga ranar na fara tambayar tarihin dutse kafin in tambayi abin da ke cikinsa. Dutsen farar ƙasa mai adana ƙashi yana taruwa ne a hankali a gindin teku daga ɓawon ƙananan halittu, kuma idan ruwan ƙasan ba shi da iska sosai, gawar dabba takan kwanta ba tare da masu cin mushe sun warwatsa ta ba. A irin wannan dutse ne masu haƙa a Mastirik ta ƙasar Holan suka tono kan wata ƙatuwar dabba a ƙarni na 18, wadda aka raɗa wa suna mosaso saboda kogin Mes da ke wucewa ta garin. Dangin guza da damo ce, sai dai ƙafafunta sun koma kamar filafilin kwalekwale, kuma ta ƙare tare da dinoso, wato ƙattin dabbobin nan na zamanin da, shekaru miliyan 66 da suka wuce.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne cewa irin wannan dabba ta yi iyo kusa da mu. A wancan zamani teku ya ratsa Sahara, kuma a yankin Sakkwato an samo wata mosaso da masana suka sa wa suna daga garin Goronyo. A namu ɓangaren na Kamaru kuwa, duwatsun kwarin Kum a Mayo Rey sun ba da haƙora da sawun dinoso da ƙasusuwan kada, amma laka da yashin koguna ne suka binne su, don haka mai neman dabbar teku a can ya ɓata hanya, kamar yadda na ɓata a Bidzar.

Fitar da ƙashin ma aiki ne na mai haƙuri. Ana jiƙa dutsen a ruwan tsami mai rauni, wanda yake cinye farar ƙasa ya bar ƙashi domin sinadarinsu ba ɗaya ba ne, a wanke, a shanya, a shafa wa abin da ya bayyana gam mai kariya, a sake jiƙawa, wani lokaci har tsawon makonni.

Wata rana wani abokin karatu ya zo da haƙorin mosaso da ya saya daga wani ɗan kasuwa, an goge shi tas, an ce daga Maroko yake. Malam ya juya shi a hannu, ya tambaye shi daga wane rami aka ciro shi da kuma wane shimfiɗin dutse, abokin nawa ya rasa amsa, Malam ya miƙa masa abinsa ya ce ya ajiye shi a matsayin ado.